Daga gizago zuwa inji mai kwamfuta: tarihin aikin icce a Adar da tambayar wani kafinta

 

Makon jiya, bayan na gama shirin dare, wani ƙanenmu kafinta ya tare ni ƙofar gidan rediyo da waya a hannu. Shekara 6 ya yi a Abidjan yana aikin katako, bara ya dawo gida ya buɗe ɗan atiliye nashi. Ya nuna mini bidiyon wani inji da ake kira CNC: ka shimfiɗa mishi falankin katako, ka ba shi zane ta kwamfuta, shi kuwa ya bi zanen yana sassaƙa furanni da rubutu, ba hannun kowa. Ya ce: "Yaya, 'yan kasuwa biyu sun turo mini farashi. Ga ido inji guda ne, amma kuɗin ɗayan ya ninka na ɗayan. In na ɗauki mai arha, abin da na tara ya isa. In mai tsada ne, sai na sai da garkar albasar da babanmu ya bar muna. Wanne ka gani?"

Na ce mishi ni ba injiniya ba ne, ɗan jarida ne. Amma na roƙe shi kada ya taɓa garkar nan sai mun sake zama. Cikin makon na zauna da tsofaffin masassaƙa da kafintoci, na koma kan abin da na sani na tarihin yankinmu, sai na ga ashe tambayar tashi ba sabuwa ba ce. Adar ta sha cin karo da ita, kuma ta bar muna amsa ga duwatsu da itatuwa.

ZAMANIN GIZAGO

Kafin a san kafinta a ƙasar nan, masassaƙi anka sani. Shi ke yin turmi da taɓarya, akushi da kujerar mata, ƙotar gatari da ta kalme, da allon almajiri. Kowane aiki da iccensa: ƙirya don turmin da za ya daɗe, danya don akushi, aduwa don allo da ƙota. Kayan aikinsa ba su da yawa, gatari ne da gizago da 'yan wuƙaƙen ƙwaƙula.

Wani dattijo masassaƙi ya tuna mini abin da ban taɓa kula da shi ba. Ya ce gizagon da yake aiki da shi na mahaifinsa ne. An sake mishi ƙota ba adadi, an kai bakin maƙera an koɗa shi ya fi a ƙirga, amma bai taɓa kwana uku bai yi aiki ba. Dalili kuwa, maƙerin na nan unguwa, gawayin ƙirya na nan, iccen ƙota na bayan gari. Duk abin da gizago ke bukata don ya rayu yana cikin tafiyar ƙafa. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

ZUWAN ZARTO DA KATAKO

Da Turawan Faransa sunka kafa mulkinsu a farkon ƙarni na 20, sai ga bukatar abubuwan da gizago bai saba yi ba: tebur da kujerar biro, bencin lakwal, ƙofa da taga masu ƙusa. Nan ne aikin kafinta ya shigo da zarto da guduma da katako shararre. Shi kuwa katakon ba na dajinmu ba ne, daga kudu yake zuwa, ƙasashen da ke da manyan dazuzzuka. Har yau haka abin yake: mafi yawan katakon da ke kasuwanninmu ta Najeriya da sauran ƙasashen bakin teku yake shigowa.

Tun daga lokacin sana'ar ta rataya ga abin da ba mu da iko da shi. Masassaƙi na dogara ga daji da maƙeri, kafinta na dogara ga mota da iyaka da canjin kuɗi. Dajin ma bai tsira ba. Dokar gandun daji ta Turawa ta 4 ga Yulin 1935 ta sa hannun hukuma a kan itatuwa a duk yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, kuma bayan samun 'yanci Nijar ta yi tata dokar a 1974, ta sake ta a 2004. Saran icce ya zama abin neman izini wurin ma'aikatan gandun daji.

MAJIYA, 1975

Sai ga farin 1973 da 1974. Iyayenmu na ba da labarin yadda iska ke kwasar ƙasar gona a kwarin Majiya, tana binne shuka tun tana ƙarama. A 1974 wani ma'aikacin gandun daji na Bouza, Daouda Adamou, tare da wani Ba'amurke ɗan aikin sa-kai, sunka kai wa ƙungiyar CARE shawarar a dasa layukan itace masu tare iska. An fara dashen a 1975. Bedi anka zaɓa, wato dogon yaro, layi biyu-biyu, tsakanin wannan shinge da wancan mita 100. Sannu a hankali layukan sunka kai ɗaruruwan kilomita.

In don farashi ne, abin ya yi wa manomi tsada. Layin bedi ya ci wani yanki na gonarsa, inuwa ta rage amfanin da ke kusa da shi, kuma an hana dabbobi kiwo a wurin har itatuwan su yi ƙarfi. Mutane da yawa sun yi gunaguni, kuma suna da gaskiyarsu. Amma bayan kamar shekara 10, hatsin da ke bayan shingen ya ƙaru, anka kuma fara sarar rassan bedin ana samun sandunan gini da iccen girki na sayarwa. Abin da ya sa ribar ta ɗore shi ne bedi in ka sare shi bisa ƙa'ida yana sake tohowa. Ba ya jiran piyes daga waje.

KEITA, 1984

Shekarar 1984 kowa ya san ta, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, ga fari ga iyakar Najeriya a rufe. A watan Mayun shekarar anka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, zamanin Janar Seyni Kountché. A shekarar kuma furojen Keita ya fara aiki, da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO na tafiyar da shi, PAM na ba da abinci a matsayin ladan aiki. Daga baya aikin ya faɗaɗa har Bouza da Abalak.

Ba a taɓa ganin injuna irin na lokacin a Adar ba: tarakta masu fasa fako, manyan motocin ɗaukar dutse, injunan gina madatsun ruwa. Amma a gefen injunan akwai hannuwa, kuma mafi yawansu hannuwan mata ne, tunda maza sun tafi biɗa. Su sunka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tuddai, su sunka jera duwatsu, su sunka dasa icce. Cikin kusan shekara 20 an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, ban da rijiyoyi da hanyoyi da madatsai.

Ba wanda za ya ce injunan nan ba su yi amfani ba. Fakon da tarakta ta fasa cikin yini guda, da kalme sai a yi watanni. Amma mu tambayi kanmu, me ke bayan kowace tarakta? Akwai gareji, akwai makanisiye mai albashi, akwai gazuwal, akwai ma'ajin piyes, akwai wanda ke aika takarda Turai in wani abu ya karye. Kuɗin sayen injin kaɗan ne cikin abin da ya sa shi tafiya. Shi ya sa duk wanda ya zaga ƙasar nan ya ga wuraren da furoje iri-iri sunka tashi sunka bar ƙarafa kwance, awaki na hutawa ƙarƙashinsu, galibi ba don inji ya tsufa ba, sai don wani ɗan abu da bai fi tafin hannu ba ya lalace an rasa mai kawo shi. Jeren duwatsun mata kuwa, in ruwa ya ture shi, matan gari sun san yadda ake mayar da shi.

DAREN 12 GA JANAIRUN 1994

Tsofaffin kafintoci da masu injin niƙa ba su manta wannan rana ba. An kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, an tashi yana sefa 100. Duk wanda ke da injin da piyes ɗinsa ke zuwa daga waje, abin da yake saye jaka 100 ya koma wajen jaka 200, alhali mai sayen gado ko mai kawo niƙa kuɗinsa bai ƙaru ba. Wani tsohon kafinta ya ce mini tun daga shekarar ya daina tambayar "nawa ne injin?" kaɗai, sai ya haɗa da "nawa ne abincinsa, kuma da kuɗin wace ƙasa ake sayensa?"

ASALIN INJIN DA ƘANENMU KE SO

Shi wannan inji ba don katako anka fara ƙera shi ba. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke mai suna John Parsons, mai ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, ya fara amfani da lissafi don nuna wa inji inda za ya yanka. A 1952 jami'ar MIT ta Amurka ta nuna injin yankan ƙarfe mai karɓar umurni daga wata doguwar takarda mai huji-huji. A 1968 kamfanin Shoda na Japan ya fito da irinsa na katako. Shekaru da dama sai manyan masana'antu ke iya sayensa. Abin da ya karya farashin shi ne arhar kwamfuta da shigowar masana'antun China, musamman na birnin Jinan, inda kamfanoni masu yawa ke haɗa shi.

Wanda ya fi yawo cikin bidiyon da ake turo muna shi ne mai lamba 1325, ma'ana teburinsa milimita 1300 ne a faɗi, 2500 a tsawo, daidai yadda falankin contreplaqué ko MDF guda za ya kwanta a kai. Yana da kai mai juya ɗan haƙorin yanka har sau 18,000 zuwa 24,000 a minti, da motoci masu tura kan gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa.

To me ya sa biyu masu kama da juna ke bambanta a kuɗi? Bambancin na inda hoto ba ya nunawa. Na farko kaurin ƙarfen gangar jiki: in ya yi sauƙi, inji na rawa lokacin yanka, zane ya fito da kaushi. Na biyu irin motocin: akwai masu arha waɗanda in aiki ya yi musu nauyi sukan tsallake taki ba su sani ba, su ɓata falanki guda, akwai masu tsada da ke duba matsayinsu suna gyarawa. Na uku layukan da kan ke gudu a kai da kayan lantarkin da ke cikin akwati, na kamfani sananne ne ko na wanda ba a samun madadinsa. Na huɗu abin da ke biyo bayan ciniki: wa za ya kafa shi, wa za ya koya maka, wa za ya ɗauki waya in ya tsaya. Hausawa sun ce arha ba ta ado. Amma ita ma tsada ba shaida ba ce, don akwai mai ɗora riba kan kaya marasa kyau.

DARASIN 2023

Wannan kam da idonmu munka gani. Bayan 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta Najeriya ta yanke kuran ɗin da take ba Nijar, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza da anka buɗe a 2018 megawat 7 ce, ba ta iya ɗaukar jaha guda. Masu walda da kafintoci masu injin shara sun san yadda sunka yi waɗannan watanni. Hanyar Cotonou, wadda kayanmu sunka saba biyowa, ita ma ta toshe, kaya sunka koma zagayowa ta Lomé da Burkina Faso, kwanaki sunka ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. Wanda ya yi odar inji daga China, farashin da anka rubuto mishi a WhatsApp na bakin masana'anta ne. Jirgin ruwa, tashar jirgi, mota, duwan, saukewa, duk suna gaba.

ABIN DA NA FAƊA WA ƘANENMU

Da munka sake zama, na ce mishi mu ajiye farashin biyu gefe, mu yi wa injin tambayar gizago: abin da yake bukata don ya rayu, nawa ne ke kusa da kai?

Kuran: da yawa cikin manyan injunan nan na son layi uku mai 380, atiliyenka kuwa 220 gare shi. Ko an haɗo maka mai 220, hawa da saukar kuran na ƙone kayan cikin akwati, kuma in wuta ta ɗauke tsakiyar zane, aikin awa uku na iya lalacewa. Ke nan sai ka ƙara kuɗin na'urar daidaita wuta, da gurup mai ƙarfi, da gazuwal ɗinsa na kullum.

Ƙura da zafi: injin na fidda garin katako mai yawa, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Rumfar bakin hanya ba ta riƙe shi. Yana son ɗaki mai siminti da ƙofa, da injin zuƙe ƙura, don lafiyarsa da ta huhun yaranka.

Haƙora da piyes: haƙorin yanka na dakushewa, yana karyewa, ba kuma maƙerin unguwa ke koɗa shi ba. Kafin ka biya, ka san shagon da ke da shi, ko Maradi ne, ko Kano, ko Yamai, da kwana nawa yake ɗauka ya iso.

Ilimi: injin ba ya ƙirƙiro zane, sai abin da anka zana mishi a kwamfuta. In ba ka iya ba, ka sayi jaki ne ba ka da akala. Watannin koyo su ma kuɗi ne.

Kasuwa: wannan ita ce babba. Cinikin kafinta a yankinmu na da lokaci: bayan kaka, bayan an sai da albasar Galmi da ta kwarin Tarka, gab da salla, lokacin da ake haɗa kayan ɗakin amare. Ƙofofi da tagogi da yawa kuma masu walda sun ɗauke, saboda gara da tsadar katako. Na ce ya buɗe littafinsa na bara ya ƙirga gado nawa da armuwar nawa anka ce a yi musu ado, kuma nawa mai saye ya yarda ya ƙara saboda adon. Da ya ƙirga, shi da kansa ya yi shiru. Aikin da injin za ya gama cikin 'yan makonni ne, sauran shekara yana lulluɓe da tampol.

Ban ce mishi kada ya saya har abada ba. Inji irin wannan na iya buɗe ƙofofin da ba mu da su yanzu: allunan shaguna da na ma'aikatu, adon mumbari da ƙofofin masallaci, yanka wa sauran kafintoci aiki a biya ka kan kowane falanki. In kafintocin Madaoua ko na Bouza sunka haɗa kai sunka sayi guda mai kyau, sunka tura yaro ɗaya ko biyu koyo, ko a ajiye shi a cibiyar koyon sana'a inda kowa za ya kawo aikinsa, lissafin na iya fita. Taraktocin Keita ma ba don gonar mutum ɗaya anka kawo su ba.

Abin da munka tsaya a kai shi ne: garka ba za a sai da ta ba, don ita ce ke ciyar da gidansu ko da kuran ko babu. Za ya tafi Kano ya yi wata biyu ko uku wurin masu irin injin, ya koyi zane, ya ga abin da ke lalacewa da idonsa, tunda zuwa da kai ya fi saƙo. Kafin nan, in an kawo mishi aikin ado, ya kai a yanka mishi can ya biya, ya gani ko mutanenmu za su biya kuɗin adon. In ciniki ya nuna hanya, sai ya nemi abokan haɗin gwiwa, su sayi wanda ke da mai gyara kusa, ko da ya fi tsada.

Yanzu saura ku, jama'a. Kafintocinmu da ke Libiya, Aljeriya, Abidjan da Lagos, waɗanda kunka yi aiki da wannan inji da hannunku, ku faɗa muna abin da ya fi ba ku wahala da shi. Iyayenmu mata da sunka ɗauki dutse a Keita, da manoman Majiya da sunka ga dashen bedi, muna son jin naku labarin, za mu karanta shi a shirinmu mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka cikin sana'ar kowa, ya tsare guminmu daga asara.